Damin Ƙarshe na Gonar Okko

Wiebke ta san abin da take yi da ta kwaso yaran nan. Sunan tafiyar dai an kawo 'yan sikawut na birni da take jagoranta kallon bikin kaka a ƙauye, amma maganar gaskiya garkuwa ta yi da su, don ta san ko yayanta Folkert, duk kaifin bakinsa, ba zai kori mace da ƙananan yara a bayanta ba. Rabonta da ƙauyen tun ranar da aka binne mahaifiyarsu, ranar da ta faɗa a gaban masu shan shayin makoki cewa ita ba za ta ƙare rayuwarta tana warin kashin shanu ba. Mutanen wurin kuwa ba su san mantuwa ba.

Bana layi ya zo kan gonar ubanta, tsoho Okko. Bayan girbi akan bar 'yar alkama tsaye a kusurwar gona, kowa ya kauce mata, sai ranar biki mai gona ya yanke ta da lauje a gaban jama'a, ya miƙa damin ga ɗaya cikin 'ya'yansa ya kai coci. Okko ya tsufa tukuf, kowa ya san layin ba zai sake zagayowa ya same shi ba. Abin da ya kawo Wiebke ke nan, ko da yake ba ta gaya wa kowa ba. So take ya ɗaga kai ya gan ta, ya miƙa mata damin.

Ko sannu da zuwa ba ta samu ba. A rumfar shayi, Antje matar Folkert ta bi kowa ta zuba masa, ta tsallake ta, tana gaya wa maƙwabciyarta da ƙarfi cewa a ba baƙi kujera nesa da garke, hancin 'yan birni ba ya son wahala. Waɗanda suka yi makaranta tare da Wiebke suka dubi ƙyallen wuyanta suka ƙunshe dariya, wai mace har furfura ta fara leƙowa tana yawo da yara tana koya musu hura wuta. Ta haɗiye maganar. Ta je ta gaida Folkert inda yake ɗaura kabewa a bayan tarakta.

"Yaya, sannu da aiki."

Bai juyo ba. "An kawo yara kallon dabbobi ke nan. Waɗanne, shanun ko mu?"

A lokacin ne Tomke, wata doguwar yarinya mai rawar kai da ke jan sauran 'yan sikawut ɗin, ta zo tana jan hannun Wiebke, wai sun gaji da tsayuwa, me za su yi. Idon Wiebke na can yana neman ubanta cikin taro. Ta ce su je su nemi aikin alherinsu na yau kamar yadda suka saba, su bar ta ta sha iska. Ko kalma ɗaya ba ta ce musu game da alkamar ba. Ita da aka haifa a nan, ina za ta tuna cewa abu ne da ake faɗa?

Da aka gama shayi ayari ya tashi. 'Yan badujala a gaba, taraktoci cike da dankali da tuffa a baya, Okko a tsakiya cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, rungume da laujen da ya gada, an wasa shi yana ƙyalli. Wiebke ta kutsa har ta kusa kafaɗarsa. Aka isa kusurwar gonar.

Babu komai sai kututture, an aske wurin ƙal. Masu busa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Sai ga yaran sun fito daga bayan shinge, laka har gwiwa, wuƙaƙen aljihu a hannu, Tomke a gaba ɗauke da dami an ɗaure shi tsaf da igiya, baki har kunne.

"Kaka, injinku ya manta da wannan, tsuntsaye sai ci suke yi. Mun yanke muku."

Wuri ya yamutse. Wata tsohuwa ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin wannan wulaƙanci ba. Antje ta ce ai da gangan ne, daman abin da ya kawo Wiebke ke nan. Folkert ya taso wa Wiebke kamar zai kai hannu, yana cewa ai ita ta ƙi gonar, me ya dawo da ita, sai ta ga ta ƙwace wa tsoho abu ɗaya da ya rage masa sannan hankalinta zai kwanta? Ƙananan cikin yaran suka fashe da kuka. Wiebke ta shiga tsakani tana cewa laifinta ne, yara ba su sani ba, amma wa ke sauraronta.

Okko kuwa ya miƙa wa Tomke hannu. Ya karɓi damin, ya juya shi, ya shafa ƙullin igiyar da babban yatsansa. Irin ƙullin da ya koya mata ne tun tana ƙarama. Sannan ya ɗaga kai ya dube ta, karo na farko tun zuwanta.

"Ke kika koya musu wannan ɗaurin?"

"Ni ce, Baba."

"Ya yi kyau. Abin da ba a taɓawa ne ba ki koya musu ba." Ya miƙa mata damin. "Ungo. Ki tafi da shi birni. Ba a kai wa coci abin da mai gona bai yanka ba."

Ya ba Folkert laujen, ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai.

A bas ɗin komawa babu wanda ya yi waƙa. Tomke ta matso a hankali ta tambaye ta ko a ajiye damin a baya wurin jakunkuna. Wiebke ta girgiza kai. Ta ƙanƙame shi a cinyarta, ƙaiƙayi na sukan hannunta, har suka shiga birni.