Wandon Direba

Gado biyu ne a kusurwar ɗakin maza na asibitin, tela a na jikin taga, direban babbar mota a na kusa da shi. Ciwo ɗaya ya kwantar da su: hanta ta taurare, jini ya kasa ratsa ta, ruwa ya cika musu ciki har ba mai iya hango yatsun ƙafarsa. In an zo zuƙe ruwan da allura, sai su yi ta gardamar wa ya fi cika roba. Tela ya riga direba zuwa, ya kuma girme shi, don haka direba ke ce masa Yaya.

Wata safiya babbar likita ta tsaya tsakanin gadajen, ta ce wa direba za a yi masa aiki. Za a bi ta jijiyar wuyansa a zura ɗan bututu har cikin hanta, jinin da ya yi cunkoso ya sami hanyar wucewa, ruwan ya rage taruwa.

"Ashe hanyar ratse za ku buɗe mini," in ji direba yana dariya. "Ai sana'ata ce, likita."

Tela ya gyara zama yana jiran a juyo kansa. Da ya ga za ta wuce, ya ce, "Ni fa?"

"Baba, zuciyarka ba za ta ɗauka ba. In muka buɗe hanyar, jinin gaba ɗaya kanta zai sauka. Kai magani za mu ci gaba da shi."

Ya ce to. Amma daga ranar komai na direba ya soma tsone masa ido: dariyarsa, tarinsa, har yadda yake kurɓar shayi. Da 'yarsa ta kawo abinci, ya jawo ta kusa.

"Ni na riga shi zuwa. Mutumin da ko maganinsa sai an bi shi da shi!"

"Haba Baba, ai ba layin burodi ba ne."

"Ke ma kin koma bayansa."

Aka yi aikin lafiya. Direba ya dawo da 'yar filasta a wuya kamar wanda aska ta yanka, ba a jima ba aka sallame shi. Tela ma ya koma gida, amma ruwan ya sake dawo da shi gadon nan.

Yana kwance wata rana da hantsi sai ga direba ya shigo da matarsa, ya zo a duba bututun. Cikin nan ya sace, tafiya yake kamar saurayi, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando.

"Yaya, ka ga abin da ya same ni? Wandunana duk sun yi mini yawa. Na ce ba telan da zai taɓa su sai kai."

Matar ta ajiye wani wando a gefen gadon, da allura da zare. Ta rage murya ta ce, "Sai dai wani lokacin kansa na rikicewa. Likita ta ce dattin jinin ne da ba ya bi ta hanta yanzu. An hana shi tuƙi tukuna."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar tela, ya yi saurin cewa Allah ya sawwaƙe kafin a gani a fuskarsa.

Da suka tafi wajen ɗaukar hoton bututun, ya ɗora wandon a kan tulun cikinsa. Bai auna kowa ba. Ya kama ƙugun ya rage shi sosai, ya ƙara ragewa, yana soka allura yana cije leɓe. Bari mu ga ta inda zai shiga, in ji shi a ransa. Ɗinki ya yi mai ƙarfi, irin wanda ba a farkewa sai da reza.

Direba ya dawo, ya ja labule ya saka. Ya fito yana juyi a tsakiyar ɗaki. Wandon ya zauna masa ɗas.

"Kun gani? Ko awo bai yi ba! Wallahi Yaya, idonka tef ne."

Marasa lafiya suka yi ta yaba hannun tela. Direba ya rungume shi, ya ce gobe matarsa za ta kawo sauran.

Bayan sun fita, 'yar tela, da ta kawo abinci, ta tsince zaren da ya zuba a bargo tana murmushi.

"Baba, ashe dai kana son shi."

Tela ya juya fuska wajen bango.

"In ta kawo sauran gobe, ki ce mata ina barci."