Wanda Ke Riƙe da Rula

Hedimasta yana jera kujeru a ajin 'yan shida, ɗaya ta Musulmi, ɗaya ta Kirista, ni kuma ina binsa da alli ina sa wa kowace lamba, sai ga matarsa ta leƙo ta taga.

"Malam, kana nan kana jera kujeru, Mai Kemis na can yana loda nasa a mota."

"Nasa me?"

"Kujerunsa mana! Da gado, da firji. Tashi zai yi daga layin."

Hedimasta ya tsaya cak da kujera a hannu, ya rasa ta Musulmi ce ko ta Kirista.

Mu ne Kwamitin Zaman Lafiya na layinmu, wanda aka kafa bayan rikicin da aka yi shekara biyu da suka wuce, aka ƙona shaguna tara. Shugabanni biyu gare mu don kada a ce an yi son kai: Hedimasta daga ɓangaren masallaci, Mai Kemis daga ɓangaren coci. Ni ne sakatare, ni ne kuma mai ɗaukar hoto. Sau uku muna zuwa bita a otal, muka dawo da takardun shaida da jakunkuna masu tambari. A can aka koya mana cewa a zaman sulhu wanda ke riƙe da sanda shi kaɗai ke magana. Sandar da aka ba mu ta ɓace tun a mota, sai Hedimasta ya kawo tsohuwar rularsa, wadda rabin magidantan layin sun san zafinta a tafin hannu.

Mun yi aiki, ba laifi. Mun sasanta mai faci da tela, mun sasanta mata biyu a kan igiyar shanya. A wayata akwai hoton shugabanninmu suna musabaha har goma sha bakwai. Abin da hoto bai nuna ba shi ne, tun ranar rikicin ba su ƙara yi wa juna magana baki da baki ba, su da suka shekara talatin suna zama a benci ɗaya kowace yamma suna musun labaran rediyo. Sai dai, "Sakatare, gaya wa abokin aikina," da, "Sakatare, ka ce masa na ji." Ni kuwa, Allah Ya yafe min, daɗi nake ji. Ina ta kai-komo tsakanin ƙofa biyu ina jin kaina wani jakada.

Gidan Kirista shida suka rage a layin, kuma kowa ya san Mai Kemis suke kallo. Ranar da ya tashi, sauran ma ɗaure kaya za su yi.

Hedimasta ya ajiye kujerar, ya ɗauki rula da fayil. Na bi bayansa da waya, don na hango hoto na goma sha takwas.

Muka tarar da mota a ƙofar gida tana aiki, 'yan dako biyu sun riga sun ɗora firji. Mai Kemis na tsaye da singileti yana ɗaure kwali. Hedimasta ya yi gyaran murya, ya ɗaga rula, ya buɗe fayil.

"Ya ɗan'uwana, matakin farko na sulhu shi ne sauraro..."

"Hedimasta, ni na buga maka wannan jawabin," in ji Mai Kemis, bai ko ɗago ba. "Akwai kuskure ma a shafi na biyu."

'Yan dako suka ƙunshe dariya. Hedimasta ya rufe fayil.

"To me aka yi maka? Wa ya taɓa ka? Ka faɗa, yau ɗin nan kwamiti zai zauna."

Mai Kemis ya miƙe, ya buɗe tafin hannunsa. "Ba ni rular."

Hedimasta ya dube ni, na dubi taya. Ya miƙa masa.

"Dokarka ce, ba mai katse ni. Har kai, Sakatare." Ya share zufa da kafaɗa. "Ranar da aka yi abin, da ƙarfe biyu na rana, na riƙo matata da jikata muka zo ƙofarka. Na buga. Na kira ka, ba Hedimasta na ce ba, sunanka na kira. Na ga inuwar ƙafafunka ta ƙarƙashin ƙofa. Na ji tarin nan naka da na shekara goma ina ba ka maganinsa. Ba ka buɗe ba. Mai wankin layin nan ce ta buɗe mana, wadda ko a taro ba mu taɓa miƙa mata rular nan ba. Ni ban riƙe ka don ka ji tsoro ba, ai ni ma jikina rawa yake yi. Jira na yi ka zo ka ce ka ji bugun. Shekara biyu! Sau goma sha bakwai kana kama hannuna kana kallon wayar Sakatare. Na gaji, malam."

Kunya ta kama ni, na tura wayar cikin aljihu.

Mai Kemis ya mayar masa da rular. Hedimasta, mutumin da jawabin marabarsa kawai ke cin awa ɗaya da rabi, ya karɓa ya sunkuyar da kai. Direba ya danna hon.

"Ina bayan ƙofar," in ji Hedimasta da ƙyar. "Na ji ka. Hannuna na kan sakata. Na ce in aka gan ku a gidana za a ƙona ni da iyalina, sai na sauke hannun. Tun daga ranar, in zan je masallaci ta bayan layi nake zagayawa. Kwamitin nan ma..." Ya yi wata dariya mai ban tausayi. "Wallahi don kada in yi taku arba'in ɗin da ke tsakanin ƙofata da taka na kafa shi. Na koya wa gari sulhu da takardar shaida uku, ni ne ɗalibin da ya faɗi. Ka yafe min." Ya kira shi da sunansa, sau biyu, hawaye na bin gemunsa.

Mai Kemis bai ce ya yafe ba. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya jawo tsohon bencin nan daga cikin zaure.

"Baba, wannan ma za a ɗora?"

"Ajiye shi." Mai Kemis ya juya. "Direba, kashe motar nan, ta ishe ni da hayaƙi. Ku kuma ku sauke firjin, rana na dukansa." Ya kama gefe ɗaya na bencin, ya nuna ɗayan da haɓa. "Kama can, malam, tunda ka iya jera kujeru."

Hannuna ya tafi aljihu da kansa, don wannan hoton ya fi goma sha bakwai ɗin can haɗe. Kafin in ciro wayar, Hedimasta ya cusa min fayil a hannu ɗaya, rula a ɗayan.

"Sakatare, riƙe min."

Suka ɗauki bencin suna haki, suna musun ko ta dama yake zama da can ko ta hagu, suka jingina shi da bango inda sawun ƙafafunsa ke nan har yanzu a siminti. Ni kuma ina tsaye a rana. Karo na farko a shekara biyu rula ta zo hannuna, doka ta ba ni magana, kuma babu wanda ya aike ni.