Igiyar da Ke Tsakanin Tagogi Biyu

Kwandon yana tsakiyar iska, miyar kifi na tururi a cikinsa, lokacin da mai gidan hayarmu ya shigo da baƙon. Deolinda, matata, ba ta juyo ba. Ta ci gaba da jan igiya har kwandon ya tsallake lungun ya isa tagar Dona Graciete, wadda rabonta da saukowa daga bene shekara shida ke nan, tun da ƙugunta ya karye.

Ni na ɗaura igiyar nan shekarar da muka tare, da irin ƙullin da muke ɗaure jirgin kamun kifi. Don shanya aka yi ta, amma ta kai gishiri, ta kai magani, ta taɓa kai kyanwa. Aji uku na yi a makaranta, sai dai na daɗe ina ganin da za a kwance igiyoyin lungunmu, gidajen za su rabu su bi teku ɗaya bayan ɗaya.

Baƙon dogo ne, sunansa Joris, ya zo duba gidan ne don ya kama haya. Kamfaninsa yana can Holan, shi yana nan Fotugal, aikin kuma yana cikin kwamfuta. Na tambaye shi ko aikin nasa yana da wari. Ya yi dariya.

"Garinku aljanna ne," ya ce da gurguwar maganarmu. "Ga rana, ga teku, komai araha. Hayar nan ko rabin ta garinmu ba ta kai ba."

Sabuwar hayar da yake nufi ta ninka fanshona biyu. Valdemar, mai gidan, ya shiga duban silin.

"Valdemar," in ji Deolinda, "ni na sha share maka majina a lungun nan. Dube ni mana."

"Dona Deolinda, ba ni na sa farashi ba. In kuna so in ƙara muku wata biyu..."

"Riƙe watanninka. Ƙarshen wata ka zo ka karɓi makullinka."

*

Ranar tashi ɗanmu ya kawo mota, zai kai mu ƙauyen surukansa, inda ba a jin teku. Na miƙa hannu zan kwance igiyata.

"Tsoho, me kake yi?" in ji Deolinda.

"Tawa ce ai."

"Graciete kuma iska za ta ci?"

Ta yafito Joris, wanda ke shigo da akwatunansa. Ta ɗora hannunsa a kan igiyar.

"Ta ƙasa ake ja, ba ta sama ba. Burodi da safe, miya da rana. In ƙarfe tara ta yi labulenta bai buɗe ba, ka tsallaka ka buga ƙofa. Ba sadaka ba ce. Wanda ke tagar nan shi ke ja."

Ya rubuta duka a wayarsa, ya roƙi ya ɗauke ta hoto.

"Hoton me? Ja mu gani."

Graciete ta leƙo. "Deolinda, wannan zai iya miya kuwa?"

"Zai koya. Ko ba komai yana da tsawon hannu."

Matata ta sauko cikin kayanta na Lahadi da 'yan kunnen zinari na uwarta. Ta bi lungun a hankali tana gaida kowa da sunansa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ban taɓa ganin ta da tsawo irin na ranar ba.

*

Bayan wata shida na hau bas na koma. Mai burodi ta ce Joris ya ja igiyar kullum, bai taɓa fashi ba. Wata uku ya yi, ya ji labarin wani tsibiri da ya fi araha, ya tafi. Waɗanda suka zo bayansa ba wanda ya gaya musu komai. Kwana biyu labulen yana rufe kafin a lura, sannan aka kai Graciete gidan tsofaffi.

Na tsaya a lungun na ɗaga kai. A ƙofarta an maƙala ƙaramin akwatin makulli mai lambobi, irin na gidajen da ake ba 'yan yawon buɗe ido haya. A tsakiyar igiyar an shanya baƙar rigar roba ta masu wasa da igiyar ruwa, tana lilo kamar mutum marar kai.

Na duba ƙullina. Shekara arba'in da ɗaya, bai saki ko kaɗan ba.