Jan Fensirin da Na Ja wa Kawu Nedyalko

Ni na ja layin nan, kada wani ya wanke ni.

A cibiyarmu ta binciken sararin samaniya da ke birnin Sofiya, aikina duba doguwar takardar da tauraron ɗan'adam ke aikowa. Na'urar cikinsa tana ƙirga elektron, ƙwayoyin nan masu azabar gudu da maganaɗisun duniya ya ɗaure a sama kamar ɗamara. Ƙa'idarmu ɗaya ce: ƙidaya ta faɗi warwas, a ja jan fensir, a rubuta "laifin na'ura".

Kawu Nedyalko, dattijon ofishinmu, shi ya haɗa na'urar, shekara huɗu yana liƙa wayoyi.

Wata Talata ƙidaya ta zube cikin awa uku. Na ja layi.

"Radostina, 'yar nan, ajiye fensirin," in ji shi, banitsa, burodin nan mai cuku, a hannunsa ko gutsura bai yi ba. "Na'urata lafiyarta lau. Rana ce ta yi guguwa. Elektron ɗin ne suka tafi."

"Ina suka tafi, Kawu? Shan iska a bakin teku a Varna?"

Ofis ya kwashe da dariya.

Shugabanmu Pehlivanov ya ce kowa ya san guguwa cika ɗamara take yi, ba kwashewa ba. Hannun tsoho ne ya soma rawa, shi ke nan. Aka zare sunansa daga tauraro na gaba, aka tura shi sito share ƙura.

A bakin matakala Kawu ya tare ni. "Ranar Juma'a ƙidaya ta dawo, kin gani ai. Matacciyar na'ura tana tashi?"

Na gani mana. Tsoron Pehlivanov ya sa na raɓe shi na wuce abina.

Bayan shekara tara wata mujalla ta iso daga waje. Ashe guguwar matse maganaɗisun take yi, wasu ƙwayoyin su fice can waje, wasu su zubo cikin iska. Wani tauraron ɗan'adam ma ya ga abin, a Talatar nan tamu.

Na hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen su Kawu, mujalla a jaka. Hotonsa na tarar manne a ƙofa, a jikin takardar sanarwar rasuwarsa, ruwan sama har ya koɗar da ita.

Matarsa ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai jan fensir?"

Na miƙa mata mujallar, kunya kamar ta kashe ni.

"Riƙe abinki," ta ce. "Shi ya sani tun ranar."