Ja na Gizago Ne

Tun da Auta ta koyi zuba launi a kan zane a kwamfuta, shagonsu na sassaƙar allunan sunayen shaguna ya rasa zaman lafiya. A da, mai son allo zai zo a nuna masa zane baƙi da fari, ya gyaɗa kai, Yayanta ya sassaƙa, magana ta ƙare. Yanzu kuwa kowa ya zama gwanin launi. Mutumin da bai san kalar labulen ɗakinsa ba, sai ka ji shi a waya yana cewa a ɗan ƙara wa koren duhu.

"Ke kika ɓata su," in ji Yaya. "Kin nuna musu abu yana canzawa da yatsa ɗaya. Shi katako ba ya komawa baya."

"Kai dai yi sassaƙarka, Yaya. Ko kishin kwamfuta kake?"

A cikin masu damunta babu kamar wata mai ɗinki, kuma ita kaɗai ce Auta ba ta iya jin haushinta. Matar ta zo ne ranar da Yaya ya tafi sayen katako, ɗauke da wani faffaɗan katako naɗe a tsohon zani. Saman teburin yanka ne na mahaifiyarta, wadda ta rasu bara. Fuskarsa ta yi duhu don tsufa. Ga sawun almakashi birjik, ga tabon dutsen guga a gefe, ga wani wuri da ya yi sulɓi saboda dafawar hannu.

"Sabon shago zan buɗe, da sunanta," in ji matar. "Sunan kawai za a ƙwaƙule a ciki, ƙanwata. Fuskar nan kada a taɓa min ita. Ita ce abin da ya rage min."

"Kada ki damu, Anti. Launi mai ruwa-ruwa za mu sa, wanda katako ke sha, duk tabon zai fito ta cikinsa."

Daga nan aka shiga zaɓen launi. Auta ta tura mata shuɗi, ta ce ya yi sanyi. Ta tura kore, ta ce kamar allon kantin magani. Da safe saƙon murya, da rana saƙon murya, wani ma babu komai a cikinsa sai ƙarar keken ɗinki da ajiyar zuciya. Auta ta gane ba launi ne ke wahalar da matar ba. Tsoron rabuwa da katakon take yi. Shi ya sa ta jingine shi a bayan ƙofa, ba ta ma yi wa Yaya bayaninsa ba, tana jiran a tsai da magana tukuna.

Ran nan da hantsi saƙo ya shigo: "Ja nake so, ƙanwata, sunan kuma fari. Na gama. Zan biyo da la'asar in ga fentin da idona."

Auta ta miƙe zumbur, har kujera ta faɗi. Ta zuba ja a duk faɗin zanen, ta bar haruffan farare tas, ta buga a takarda don ta nuna wa masu fenti irin jan da ake so.

"Yaya, matar katakon bayan ƙofa ta yanke shawara! Yau zan ba ka takardar aiki."

"Ai gara. Ya ishe ni tuntuɓe."

Ta shiga neman jakarta. Ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba kan buhun garin katako, tana kaiwa da komowa kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta ajiye takardar a kan bencin Yaya don ta ɗaga wani kwali, ta ga jakar, ta sura, ta yi waje.

To, shagon nan yana da wata ƙa'ida tun zamanin mahaifinsu. Takardar aiki baƙi da fari ce, sai a ɗauki jan fensir a shafe duk inda za a cire. Ba a tambaya, ba a bayani. Tsohon yakan ce ja na gizago ne, wato na sarewa, kuma da wannan maganar su biyun suka tashi.

Layin masu fenti ya cika maƙil. Mai kanti na farko ya buɗe mata gwangwani, ta ce ya cika haske. Na biyu ya kawo wani, ta ce wannan ai na ƙofar gareji ne. Jan da ke cikin kanta jan kwamfuta ne, mai fitila a bayansa, kuma irinsa ba ya zama a gwangwani. Ta tsallaka titi, ta dawo, ta sake tsallakawa, gumi na bin bayanta. Rana ta raba tsaka tana nan tana jayayya da wani dattijo mai haɗa fenti.

"'Yata, kin ce ba wannan ba, ba wancan ba," in ji shi. "Nuna min abin da kike so mana."

Ta zura hannu a jaka. Ta zazzage ta a kan kanta: makulli, waya, fensir, ƙullin goro na Yaya da ya ɓata tun makon jiya. Babu takarda. Sai ta hango bencin a zuciyarta, ta ga inda ta ajiye ta, ja wur daga gefe zuwa gefe.

Ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta san inda take: a aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa, rediyo na ta surutu, guduma na ta aiki. Ta sake kira tana gudu. Ta tare babur, suka faɗa cunkoso, wata motar kaya ta gitta ta tsaya cak. Ta sauka ta kama sassarfa, takalmi na neman tsinkewa, bakinta na ta "Allah Ya sa ya tafi cin abinci, Allah Ya sa wani ya tsare shi da hira." Yau kaɗai ta taɓa yi wa Yayanta fatan lalaci.

Tun daga bakin layi ta jiyo bugun guduma.

Yaya ya ɗago yana murmushi, gumi na ɗiga daga gemunsa. "Kin ga aiki ko? Katakon nan daɗin sara gare shi. Kuma kin huta, duk tabon nan da ya ɓata shi na cire."

Allon na kwance a kan benci. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro, kowane harafi a tsaye da tsohon duhunsa. Kewayensa kuwa sabon katako ne fari sol, an sare shi da kyau, babu ko kuskure ɗaya. Yaya bai taɓa yin aikin da ya fi wannan tsabta ba.

"Yaya," ta ce, "jan nan fenti ne. Ba na gizago ba ne."

Ya dubi takardar, ya dubi allon. Ta gaya masa na wane ne, da abin da matar ta roƙa. Ya ajiye gudumar a hankali, ya zauna a kan buhu. Ta so ya yi mata faɗa, ya tuna mata maganarsa ta kullum cewa katako ba ya komawa baya, ko ta samu abin da za ta mayar. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana kallon guntayen katakon, kuma wannan ya fi ciwo.

Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta je bakin ƙofa ta leƙa, ta dawo. Ta buɗe kwamfutar, zanen na nan yadda ta bar shi, ja da fari, lafiyarsa ƙalau. Ta rufe ta da ƙarfi. Ta shirya magana a ranta, ta warware, ta sake shiryawa. Kunya da baƙin ciki suka cika mata ƙirji, ga shi aikin gama ya riga ya gama.

Mai ɗinki ta yi sallama da fara'arta, zare na maƙale a kafaɗar rigarta. "Ina jan namu, ƙanwata?"

"Anti, laifina ne. Ni na bar takardar a inda bai kamata ba."

Matar ba ta ji ta ba. Idonta ya riga ya kai kan benci. Ta matsa, ta ɗora tafin hannunta a kan farin katakon, daidai inda sulɓin nan yake a da. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, sai leɓenta da ke motsi.

Yaya ya rasa inda zai sa kansa. Ya jawo tsintsiya, ya fara tattara guntayen katakon da suka cika ƙasa.

"Malam, kada ka share," in ji mai ɗinkin.

Ta cire mayafinta, ta shimfiɗa a ƙasa, ta durƙusa. Ta ɗauki guntu ɗaya ta juya shi. Gefe ɗaya fari ne, ɗayan kuma duhu, da ɗan layin almakashi a kansa. Ta ajiye shi a kan mayafin, ta ɗauki wani.

Auta ta durƙusa kusa da ita, hawaye na hana ta gani sosai. Ta cika hannu biyu da guntayen za ta zuba, matar ta riƙe mata wuyan hannu.

"A hankali, ƙanwata. Ɗaya-ɗaya. Mai duhun a sama."