Gilashin da Ya Rasa Lamba

Mai Rini ta ɗauko faranti ke nan, gilasai goma sha biyu masu ɗauke da naman marasa lafiya a jere za ta kai wa likita, sai mutumin ya banko ƙofar ɗakin gwaji. Ta san shi. Bakanike ne, yayan yarinyar da ƙari ya cika wa ƙirji. Mako uku yana zarya kamar ya ci ƙafar kare.

"Yau sai kin faɗa mini sunan ciwon nan," ya ce.

"Yi haƙuri, Yaya. Ciwon daji ne, amma daji iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Shi ya sa nake zuba wa naman rini daban-daban. Wanda ya kama launi shi zai tona asalinsa."

"Ƙanwata tana mutuwa, ke kina wasa da kala."

Ba ta yi aune ba ya shaƙe mata wuya, ya buga ƙeyarta da firji. Ta ga wuta. Bakinta ya cika da jini, amma ita farantin take karewa, don ɗan naman da aka ciro daga ƙirjin yarinyar da allura bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma yanka na ƙarshe ke nan. Yarinyar ba ta da ƙarfin da za a sake huda ta. Ya fizge farantin, ya maka da ƙasa, ya bi da takalmi yana murjewa.

Masu gadi biyu suka danne shi, ɗaya ya fasa masa leɓe. Wallahi ko kaɗan bai ba ta tausayi ba.

Ta durƙusa tana tsinta, gilashi yana yanka mata yatsu. Guntu ɗaya ne kawai ya tsira da namansa. Likita ya ɗora shi a madubin gwaji, ya daɗe yana leƙawa.

"Ya kama, ruwan ƙasa sosai," ya ce. "Wannan irin yana jin magani."

Bakaniken ya ɗago kai daga ƙasa. "Na ƙanwata ne?"

Mai Rini ta tofar da jini, ta goge baki. "Naman mutum uku ne a farantin. Gefen da na rubuta lamba yana ƙarƙashin takalminka."

A hankali ya ɗaga ƙafar. Babu komai sai garin gilashi.