Ƙofar Kafinta

A duk kangon nan mai hawa biyar, ɗaki ɗaya ne ke da ƙofa, shi ne na Goggo da mijinta Kafinta. Sauran jama'a kowa da dabararsa: wani buhu ya rataya, wani kwali ya jingina, wata tsohon zane ta ɗaura. Ginin kuwa tun kafin a yi masa filasta mai shi ya rasu, 'ya'yansa suka shiga shari'a, aka bar shi ga ƙadangaru da mutanen da gari ya rasa inda zai ajiye. Goggo ba ta taɓa cewa gidansu ne ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Gini na masu shi ne. Mu ƙofa kawai gare mu."

Kafinta ne ya yi ta da hannunsa, shekarar da suka yi aure, ya sa wa ɗan gidansu na bakin kasuwa. Ranar da aka rushe layinsu don faɗaɗa titi, mutane na ta kwasar katifa da rediyo, shi ƙofar ya ɗauko a ka. A bayanta akwai zane-zanen da ya riƙa yi da bakin ƙusa yana auna tsayin 'yarsu tilo. Zanen ƙarshe bai kai ga mariƙin ƙofar ba, zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Ba hoto, ba riga, ba komai da ya rage musu nata sai wannan. Goggo, wadda wankau ne sana'arta, kullum in za ta fita karɓo kaya sai ta shafa wurin, kamar dai ƙura take gogewa.

Shi kuma Kafinta tsufa ya zo masa ta kunne. Shekarun da ya yi a gaban injin yankan katako sun cinye masa ji, har sai ka taɓa kafaɗarsa ya juyo ya kalli bakinka kafin ku yi magana. Ga wata ɗabi'a tasa ta aiki: ba ya yar da ƙusa. Duk wadda ya zare, ko ta lanƙwashe, sai ya maƙala ta a leɓensa ya ci gaba, har bakin ya cika. In ka yi masa magana a lokacin, hannu kawai zai ɗaga maka, da duk abin da ke hannun, wato ka dakata yana zuwa.

"Malam," Goggo kan ce masa da ƙarfi, tana nuna cikinsa, "wata rana sai ka haɗiye ɗaya. Mu je asibiti a ce tsoho ya yi cikin ƙarfe, in ga inda za ka sa fuskarka."

Sai ya tofar da su a tafin hannu ya yi dariya. "Ai da na huta. In na rasu ba sai ku sayar da ni a kilo ba?"

Da aka zo aka rubuta da jan fenti a bango cewa kowa ya tashi, ba wanda ya ɗaga kai. An sha rubutawa, ruwan sama ya sha wankewa. Ashe wannan karon magada sun shirya, sun sayar wa wani kamfani. Wata safiya, Goggo na matse zannuwan wata mai jego, sai ga motoci sun cika bakin titi: 'yan sanda da bindigogi, katafila a kan babbar mota, da wakilin kamfanin, wani mai farar hular kwano da takalmin da bai san laka ba. Aka ɗaga lasifika aka ce kotu ta yi hukunci, kowa ya fito da abin da hannunsa zai iya ɗauka.

Nan fa kango ya rikice. Mata na jefo ƙulli ta taga, yara na kuka, wani gurgu da ke hawa na uku yana rarrafowa da tukunya a wuya. Daga sama wani mai zafin kai ya wurgo gutsuren bulo, ya faɗa kan gilashin motar 'yan sanda. Bai sami kowa ba, amma daga lokacin fuskokinsu suka canza, yatsu suka koma kan kunamar bindiga.

Goggo ta taɓa kafaɗar mijinta, ta nuna masa waje. Ya duba, ya gane.

"Ki yi gaba da kayan mutane," ya ce. "In cire ƙofar in biyo ki."

Ta so ta ce ya bar ƙofar, amma ita ma ba ta son a bar ta. Ta ce, "To ka yi sauri, don Allah." Ta ɗora bahon wanki a ka, ta tsallaka titi, ta ajiye wa Doguwa, maƙwabciyarsu mai sharar kasuwa, ta juyo. Kafin ta dawo 'yan sanda sun ja layi a bakin ginin, ba shiga.

"Ranka ya daɗe, maigidana na ciki," ta ce wa wani saje mai tumbi.

"Zai fito, Baba. Koma baya."

Ɗakinsu a ƙasa yake, a ƙarshen wani dogon lungu da ya miƙe daga mashiga, saboda haka tana hango shi sarai. Ya ba da baya, ga ɗan bencinsa a gefe, ya riga ya raba ƙarfen da ke riƙe da ƙofar ta sama da bango, ya sauko yana fama da na ƙasa. A hankali yake zare ƙusoshin da bayan guduma don kada katakon ya tsage. Ko ranar tashin duniya ce Kafinta ba zai tsaga katako ba.

Wani ɗan sanda matashi, wanda kakin ya yi masa yawa a kafaɗa, shi aka tura ya duba ɗakunan ƙasa. Ya tsaya a tsakiyar lungun ya daka tsawa. Kafinta bai motsa ba. Ya sake dakawa, ya ɗaga bindiga.

"Kurma ne!" Goggo ta ƙwalla. "Ɗana, kurma ne, ba ya ji! Ka taɓa shi!"

A daidai lokacin aka tayar da katafila. Ita kanta ba ta ji muryarta ba. Ta yunƙura za ta kutsa, saje ya tare ta da hannu ɗaya kamar yana tare akuya.

Matashin ya matsa, ya harbi ƙofar da ƙafa. Kafinta ya ji girgizar a hannunsa, ya juyo a firgice, baki cike da ƙusoshi. Ya ga bindiga. Sai ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa: ya ɗaga hannu a dakata masa, guduma na hannun, wani sauti ya fito ta hancinsa.

Ƙarar harbin ta fi ta katafila. Goggo ta ga mijinta ya zauna a ƙasa a hankali, ya jingina da ƙofar, kamar ya gaji ne zai ɗan huta. Matashin ya tsaya yana kallon bindigarsa. Ita dai ba ta san lokacin da ta faɗi ba, sai jin hannun Doguwa ta yi a ƙirjinta tana salati.

A asibiti, wata dattijuwa mai aikin ɗakin gawa ta kira ta gefe ta damƙa mata wani ɗan ƙullin leda. "A bakinsa na same su," ta ce. "Na ce ko za ki so." Ƙusoshi ne, wasu a miƙe, wasu a lanƙwashe.

A ofishin 'yan sanda kuwa babbansu ya karɓe ta da mutunci, har kujera ya sa aka ba ta. Ya ce abin bai yi musu daɗi ba. Amma bincike ya nuna an yi wa mamacin magana ya ƙi amsawa, ya yi gurnani, ya ɗaga makami, a cikin ginin da ba nasa ba. Goggo ta ce kurma ne. Ya ce ai yaron bai sani ba. Ta ce ta faɗa. Ya ce ba a ji ba. Ya ƙara da cewa ta yi haƙuri, kamar haƙurin wani abu ne da ba ta taɓa gani ba sai a ofishinsa.

Bayan an yi jana'iza ta koma ƙarƙashin gada, inda Doguwa da sauran 'yan kango suka yada zango. Ba ta kuka a gaban mutane. Abin da ke cin ranta ɗaya ne, ƙofar na can. An kashe mata miji a kanta, in ta bar ta ya mutu a banza ke nan, kuma yarinyar ta sake mutuwa. Ta roƙi wani mai tura kurar kaya ya raka ta, suka nufi kangon da hantsi.

An kewaye wurin da kwanon rufi, an sa mai gadi. Ta leƙa ta tsakanin kwanukan. Ga ƙofar can a ƙarshen lungu, ta karkace, ƙarfen ƙasa kaɗai ke riƙe da ita, iska na kaɗa ta. Mai gadin ya ji tausayinta, ya je ya kira wakilin kamfani.

"Ranka ya daɗe, ƙofata na zo ɗauka," ta ce. "Ba na ginin ba ce. Maigidana ne ya yi ta, da ita muka zo."

Mutumin ya cire hular kwanonsa, ya yi mata ta'aziyya, ya je ya duba ya dawo. Ba mugu ba ne a fuska, kuma wannan ya fi ciwo.

"Baba, wallahi da son raina ne da na ba ki. Amma lauyanmu ya ja mana kunne: duk abin da ke manne da gini, na gini ne. In na bari kika cire, gobe kowa zai zo ya ce taga tasa ce, an buɗe mana wata shari'ar." Ya mayar da hularsa. "Da a ce ya gama cire ta, da taki ce. To har yanzu tana jikin bango."

"Ƙusa nawa ta rage?" ta tambaya.

"Biyu na gani."

Ta gyaɗa kai. Mai kura ya fara zage-zage, ta ce ya bari, ya tafi abinsa, Allah ya saka. Mai gadi ya ja kwanon ya rufe.

Ba ta koma gada ba. Ta tsallaka titi ta zauna a bakin kwalbati, daidai inda ta ajiye bahon wanki ran nan, inda ake iya hango ƙofar ta tsakanin kwanukan shingen. Ta daɗe a zaune. Maganar babban ɗan sandan ce ke ta dawo mata, wai ya yi gurnani. Mutumin da ko kaza bai taɓa daka wa tsawa ba.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin ledar. Ta ɗauki ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ta jera su a leɓenta yadda ta ga yana yi, ɗanɗanon tsatsa ya cika mata baki. Sannan ta ɗaga hannu, ta kalli ƙofar, ta yi ƙoƙarin cewa, "Ɗana, dakata, ina zuwa."

Abin da ya fito gurnani ne. Wata mata da ke wucewa ta ja ɗanta gefe, ta ƙara sauri.